Jinin Da Aka Ƙi Karɓa

Shafi na 19

Masu cika mini waya da saƙo wai na bar Mama Eufemia kwance a gadon asibiti na tafi yawona, ku sassauta mini. Ga babbar 'yarta Yokasta nan ta iso, ku matsa mata hanya, kun san ba ta son jikin kowa ya gogi nata.

*

Matar da ke zaune bayan tagar ɗakin ajiyar jini ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Sunanki?"

"Yokasta Almonte de Peralta."

A hankali ta jero sunan, yadda take yi wa duk wanda take so ya san da wa yake magana.

"Shekaranjiya na ba da jini saboda mahaifiyata da za a yi wa aiki gobe. Yanzu na hau sama, likita yana ce mini har yau jinin bai iso ba. Me kuke yi a nan ne, kitso?"

Matar ta danna na'urar gabanta, sai yatsunta suka tsaya cak. Sai a lokacin ta ɗago ta dubi Yokasta, ta rage murya, ta kira ta da laƙabin girmamawa na manyan mata.

"Doña, ba za a iya amfani da jinin ba."

"Kun zubar ke nan."

"Ba mu zubar ba. Ki zagaya bayan ginin nan, akwai shuɗiyar ƙofa. Ki nemi nas Ondina."

Yokasta ta zare mata ido.

Duk garin Puerto Plata babu wanda bai san shuɗiyar ƙofar nan ba, ta sashen masu ƙanjamau. Ko 'yan acaba in suna zagin juna a bakin kasuwa, cewa suke a gai da mutanen shuɗiyar ƙofa.

"Ke, kin san ni kuwa?"

"Na ga sunanki, Doña."

"Kin ga sunana, amma ba ki san ni ba. Ni ce mai shagon kayan amare na bakin dandali. Mijina Eladio dattijon coci ne, motocinsa ne ke kwasar Turawa daga filin jirgi. Kun haɗa jinina da na wata 'yar gantali, shi ne za ki buɗe baki ki tura ni can?"

"In kuskure ne, can za a gane. Na gaba!"

Tsakin da Yokasta ta ja sai da mai sharar baranda ya waiwayo.

Ta zaro baƙin tabarau ta ƙwama, ta nufi bayan ginin, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan siminti. Babu ɗigon tsoro a ranta. Abin da take ƙullawa kawai shi ne ta gama da wannan shirmen, ta dawo ta sa a kori matar tagar nan kafin la'asar.

Benci biyu ne a ƙarƙashin rumfar kwano, duk a cike. Wata yarinya mai goyo, wani tsoho da gishirin teku ya cinye wa ƙafa, samari biyu masu rinannen gashi. Yokasta ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta yatsina fuska, ta matse jakarta a hammata. Ga su nan dai, waɗanda suka ci duniya da hannu biyu, yanzu suna jiran gwamnati ta wanke musu.

"Kai! Wa nake gani kamar Doña Yokasta?"

Tatica ce, mai soya kifi a bakin ruwa, haƙorin zinarenta na ƙyalli.

"Ku matsa, ku matsa, yau manyan baƙi gare mu! Zauna nan kusa da ni, na yi wanka."

"Ba zama na zo yi ba."

"Duk haka muka ce ranar farko."

Samarin suka kwashe da dariya.

"Saƙo na kawo," in ji Yokasta, ba ta ko dube ta ba.

"Ni ma saƙo na kawo, 'yar nan. Yana cikin jinina, duk inda na je da shi nake tafiya."

Kafin Yokasta ta samo abin da za ta yaɓa mata, shuɗiyar ƙofar ta buɗe.

Nurys ce ta fito.

Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, sanye da farar riga mai jan ƙyalle a ƙirji, irin ta masu ba da shawara a sashen. Yokasta ta san tana wani aiki a asibiti, amma ba ta taɓa tambayar wane iri ba, don a ganinta ba zai wuce wankin bayi ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai, Nurys ta yi ɓul-ɓul, fatarta na sheƙi. Fiye da shekara goma ke nan tun da yarinyar ta dawo daga Sosúa, garin mashayar Turawa, da ƙanjamau a jikinta. Tun daga ranar Yokasta ke jiran ta bushe ta zama ƙashi, ko mutane sa ga ƙarshen yawon banza. Ta ware mata kwano da cokali a gidan Mama. Ta hana yaranta gaishe ta da hannu. Amma ga ta nan, ta ƙi mutuwa, ta ƙi ko ramewa.

"Yaya."

"Kar ki kira ni Yaya a nan."

"Jikin Mama ne?"

"Da kin damu da jikin Mama, da ba ki kwaso mata abin kunyar da ya kwantar da ita ba. Matsa mini. Ondina nake nema."

Wani abu ya gifta a idon Nurys. Fuskarta ta sauya, kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi.

"Wa ya turo ki wurin Ondina?"

"Ubanki."

"Ai naki ne ma," in ji Tatica daga benci.

Nurys ta ja gefe. Yokasta ta tattare siket ɗinta ta wuce, don kar ko bakinsa ya taɓa ta.

Ondina dattijuwa ce mai furfura a goshi, irin waɗanda suka ga kuka iri-iri har ya daina ɗaga musu gira. Ta saurari masifar Yokasta tun daga farko har ƙarshe, hannunta naɗe a ƙirji. Nurys ta biyo baya, ta zauna a kujerar gefe.

"Kin gama, Doña?"

"Ban ma fara ba."

"To ki ajiye sauran. Duk jinin da aka bayar sai an tantance shi kafin a sa wa mara lafiya. Naki ya nuna wani abu. Yana iya zama kuskure, shi ya sa za mu sake a gabanki. A ƙa'ida Nurys ce ke zama da mutum kafin gwaji da bayansa. In ba kya so, sai ta fita."

"Ta fita. Ta kuma tafi da kujerar da take zama a kai."

Nurys ta miƙe. Ta fita, ta ja ƙofar a hankali.

"Sauya safar hannun nan," in ji Yokasta.

"Sabuwa ce."

"Ban ga lokacin da kika sa ta ba. Ita ma allurar a gabana za ki yage ledarta. Ban san wace ƙazama kika soka kafin ni ba."

Ondina ta sauya, ta yage ledar a gaban hancinta, ta kama ɗan yatsanta ta tsira mata allurar. Ɗigon jini ya fito, ta ɗiga a kan wani ɗan farin abu mai tsawon yatsa, ta ajiye shi a tebur, ta danna mata auduga.

"Sai mu jira kaɗan. A 'yan watannin nan kin yi wani zazzaɓi mai zafi?"

"Wa bai yi ba? Bayan Ista na kwanta, har ƙuraje suka feso mini, wuyana ya kumbura. Na sauro ne, duk unguwa an yi."

"An auna an ce na sauro ne?"

"Ba na buƙatar a auna ni don in san ciwona."

"Banda mijinki, akwai wani namiji da..."

Yokasta ta buga tebur.

"Ki iya bakinki! Namiji ɗaya na sani a duniya, shi ma sai da fasto ya sa mana albarka. Da farar riga na shiga coci, kuma na cancanci rigar. Ba irin amaren da nake ɗinka wa nake ƙara musu faɗi a ciki ba. Cikin yarana duka biyun an gwada ni, tas nake. Ki ajiye wannan tambayar wa mazauna bencinki."

"Kowa nake yi wa ita."

"Ni ba kowa ba ce."

 Fanka na ta ƙugi a sama. Daga waje ana jin Tatica na ba da labarin wani Bature da ƙayar kifi ta maƙale wa, ana ta dariya. Yokasta ta taɓe baki. Mutum yana da kabari a aljihu amma yana da bakin dariya.

Ondina ta jawo ɗan farin abin ta duba. Ta juya shi ya fuskanci Yokasta.

Layi biyu.

Yokasta ta san layi biyu. Sau biyu ta gan su a banɗakin gidanta, ta fito da gudu tana kiran Eladio, ya ɗaga ta sama yana juyi da ita.

"Me ke nan?"

"Yana nuna akwai ƙwayar cutar a jininki. Zan sake da wani iri daban don mu tabbatar."

"Abinku ya lalace. Zafi ya dafa shi. Ai kayan kyauta ba sa taɓa kyau."

"Ba ni ɗaya hannun."

Wannan karon ba ta nemi a sauya safa ba. Ta miƙa hannun kawai, ta kafe abin da ido tana jira ya ji kunyarta.

Layin farko ya fito. Na biyu ya biyo shi a hankali, ja, ba gaggawa.

"Doña Yokasta," in ji Ondina, muryarta ta yi laushi, "ki saurare ni. Wannan ba takardar mutuwa ba ce. Akwai magani, kyauta ne, ƙwaya ɗaya a rana. Ki dubi ƙanwarki yadda..."

"Kira mini ita."

"Ki fara zama tukuna."

"Na ce ki kira mini ita!"

Ba sai an kira ba. Nurys na bakin ƙofa, ta shigo ta rufe. Kallo ɗaya ta yi wa teburin, ta runtse ido.

"Burinki ya cika," in ji Yokasta. Ƙyamar na nan daram a muryarta. "Kin ga ba za ki iya hawowa inda nake ba, shi ne kika jawo ni ƙasa. Yaushe kika yi? Ranar bikin iyaye mata ne, da kika dafa miya a gidan Mama kika yanke yatsa? Na gani da idona! Kika ɗiga mini a kwano, ko? Ko abin yanke farcen da na manta a ɗakin Mama?"

"Ba a ɗauka ta miya, Yaya."

"Rufe mini baki, karuwar Turawa! Kin gama rabawa a Sosúa, kin dawo gida kina neman na jininki!"

Ta ɗaga hannu za ta kwaɗa mata mari. Nurys ta cafke hannun a sama.

Rabon da fatarsu ta haɗu, su kansu ba za su iya tunawa ba.

"Sake ni! Kar ki taɓa ni!"

"Don me? Me kike tsoron in shafa miki yanzu?"

Yokasta ta fizge hannunta. 

"Ondina, ba mu wuri," in ji Nurys.

"Nurys, ki tuna aikinki. Sirrin mara lafiya ba ya fita daga bakinmu."

"Ba na mara lafiya zan faɗa ba. Nawa ne. Ba a ɗakin nan na samo shi ba."

Ondina ta kwashe kayan gwajin ta fita.

Nurys ta jingina da ƙofa. Babu kuka a fuskarta. Kallon da take yi wa yayarta, Yokasta ta gane shi sarai, don nata ne. Shi take yi wa mutane kullum.

"Kwanuka nake wankewa a Sosúa, Yaya. A bayan wani otal, daga safe har hannuna ya yi fari. Ko Bature ɗaya bai taɓa sanin sunana ba. Da ciwona na tafi garin, ba can na samo shi ba."

"Ƙarya kike."

"Namiji ɗaya na sani kafin a gwada ni. Ɗaya tak, kamar ke. Kin ga ashe gida ɗaya aka yi mana tarbiyya."

"Ina ruwana da ɗan iskan da ya..."

"Da ruwanki. Ke kike goge masa riga."

Fankar ta ci gaba da ƙugi.

"Me kika ce?"

"Eladio."

Yokasta ta yi wata dariya mai kama da tari.

"Eladio? Eladio nawa? Ke? Ki dubi madubi mana. Mutumin da ko ruwa ba ya karɓa a hannunki?"

"Tun yana direban haya, kafin ya san hanyar coci, ni ya fara tarewa a bakin makarantar koyon ɗinki. Ya ce in yi shiru sai ya tara abin aure. Ina shiru, ina shiru, sai ga shi a falon Mama da kwat, ya zo neman babbar. Ke ce mai shago, ni ba ni da ko keken ɗinki. Ya yi lissafinsa."

"Hassada ce. Tun muna yara kike..."

"Ana shirin bikinku na kwanta ciwo, aka gwada ni. Na same shi a tashar mota na gaya masa. Kin san abin da dattijon cocinki ya yi? Ya durƙusa a kan baƙin mai, ya kama ƙafata yana kuka da majina. Ba don ni ba, ko sannu bai ce mini ba. Wai in rufa masa asiri kar aure ya lalace."

"Ki yi shiru."

"Kin tuna an ɗaga bikinki wata da watanni?"

"Saboda gini ne. Ba a gama rufi ba."

"Rufi!" Nurys ta taɓe baki. "Jira ake magani ya kwantar da ƙwayar a jikinsa, don kar ya sa miki. Kuma ya kwantar. Shi ya sa kika haifi yaranki lafiya, kina yawo kina ɗaga hanci. Kina tsammanin tsarkinki ne ya tsare ki? Ƙwayar da yake haɗiya a ɓoye ce, irin tawa sak."

Yokasta ta lalubo kujera. Ta zauna. Sai da ta zauna ta lura kujerar Nurys ce, ba ta kuma iya tashi ba.

"Maganin hanta yake sha," ta faɗa, muryarta can ƙasa.

"Kin taɓa ganin takardar kwalbar?"

Ba ta taɓa ba. A aljihun mota yake ajiye ta.

"Tafiyar da yake yi garin Santiago duk wata fa?"

"Kayan gyaran mota..."

"Kin taɓa ganin ya dawo da ko kusa ɗaya? Can yake karɓa, inda ba a san shi ba. Ya fi ƙarfin benci da su Tatica."

Yokasta ta dafe kai. Wata Lahadi ta bara ta faɗo mata. Eladio tsaye a gaban coci da farar riga, hannu sama, hawaye na zuba, yana shaida cewa Ubangiji ya warkar da shi daga ciwon hanta, daga yau ya bar magani har abada. Ita ce ta fara miƙewa tana tafi. Har naman akuya ta dafa wa jama'a.

"Ya ce ya warke," ta furta.

"Likita ce masa ya yi ba a ganin ƙwayar a awo, ya ci gaba da sha. Shi kuma jaki da kwat, ya ji abin da yake so ya ji. A ƙofar gidan Mama ya tare ni yana washe baki, wai shi Allah ya wanke shi, ni ce na rage cikin zunubi. Na ce masa, Eladio, in ka daina za ta dawo, kuma Yaya za ka kashe. Ya ce in yi ta kaina."

Yokasta ta ɗago. Idonta ya yi ja, ƙyamar ta dawo da ƙarfinta, don ita kaɗai ta rage mata.

"Ashe kin sani. Kin san ya daina, kika naɗe hannu kina kallo. Kina jira in zo in same ki a nan. Muguwa."

"Na zo gidanki."

"Ƙarya!"

"Na zo, ana ruwa. Ta bayan ƙarfen ƙofa kika tsaya, kika ce in faɗi abin da ya kawo ni daga nan. Na ce magana ce ta mu biyu. Kika ce ba abin da ya haɗa ki da ni da zai buƙaci ɗaki. Ina juyawa na ji kina ce wa mai aikinki ta watsa ruwan bilic inda na tsaya. Na kira waya, kin toshe ni. Na sake dawowa, kika saki kare."

Yokasta ta kau da kai.

"Da sai ki ɗaga murya. Da sai ki faɗa a titi."

"Ki yarda? Ke? Maganar karuwar Turawa a kan ta dattijon coci? Da kin sa 'yan sanda sun kwashe ni."

"To tun farko fa? Kafin in sa farar rigar? Kina kallo aka kai ni coci, kina bayan layi kina jefa shinkafa!"

A karon farko Nurys ta sunkuyar da kai.

"An sa ni na rantse."

"Shi? Rantsuwar da kika yi wa wannan ƙazamin ta fi jinina?"

"Ba shi ba."

"To wa?"

Nurys ta matsa daga jikin ƙofar, ta juya mata baya.

"Na ce wa?"

Aka ƙwanƙwasa, Ondina ta leƙo.

"Doña, akwai sauran magana. Za mu ɗebi jini a auna ƙarfin jikinki, yau ma za ki iya fara magani. Mijinki ma ya kamata ya zo. Sannan a sama suna tambaya, har yanzu ana neman wanda zai ba mahaifiyarku jini kafin gobe."

Yokasta ta miƙe, ta ɗauki jakarta.

"Mijina zai zo. Ni zan kawo miki shi da kaina."

"Yaya, tsaya," in ji Nurys. "Ba yanzu ba. Gobe za a shiga da Mama, zuciyarta ba za ta..."

Ta riga ta fice.

A waje benci ya yi tsit. Tatica ta dubi fuskarta, ta dubi audugar da ke yatsunta biyu. Ba ta yi dariya ba.

"Ranar farko ce mai wuya, 'yar nan," ta ce a hankali.

"Ni ba 'yarki ba ce."

Amma muryar ba ta fita da kaifin da ta so ba. Tabarau ɗin ma a teburin Ondina ta baro shi.

Ta haye matakala ba ta ganin kowa, Nurys na binta a guje tana kiran sunanta. Ta wuce masu jinya da kulolin abinci, ta wuce likitan da ya ɗaga mata hannu, ta tura ƙofar ɗakin da ta biya wa Mama don kar a haɗa ta da talakawa.

Yana nan.

Eladio na zaune a bakin gado da farar rigarsa mai guga, Littafi Mai Tsarki a cinya, yana ba Mama romon kaza da cokali, yana hura mata kafin ya kai bakinta. Surukin da duk unguwa ke misali da shi. Shekaranjiya da aka nemi jini, shi ne ya dafe ƙirji ya ce hawan jininsa ya tashi.

Ya waiwayo da murmushi.

"Masoyiya, kin daɗe. An samo jinin?"

Sai ya hango Nurys a bayanta tana haki. Murmushin ya tsaya a fuskarsa kamar an manna shi.

"Me wannan take yi a nan? Ba na ce kar ta riƙa shigowa kusa da abincin Mama ba?"

Yokasta ta matso gabansa. Ta ɗaga hannuwanta biyu, ta nuna masa yatsun.

Cokalin ya suɓuce, ya faɗa cikin kwano.

"Daga shuɗiyar ƙofa nake, dattijo," ta ce. "Suna gaishe ka. Sun ce ba sai ka wahala zuwa Santiago ba."

"Yokasta... ki bari mu je gida... Mama ba ta da lafiya, kar ta ji abin da zai..."

"Gara ta ji. Mama, buɗe kunnenki ki ji wanda kika aura mini. Ki ji abin da ya yi wa 'ya'yanki biyu."

Ta juya ga gadon tana jiran ihu, tana jiran tsohuwar ta dafe ƙirji ta tambayi me ke faruwa.

Doña Eufemia ba ta tambayi komai ba.

Ta goge romon bakinta da gefen zani, a nutse. Ko kallon Eladio ba ta yi ba, ko kallon yatsun Yokasta. Idonta ya tsallake su duka ya sauka a kan Nurys, cike da wata ƙyama da Yokasta ba ta taɓa gani a fuskar uwarta ba.

"Eladio, tashi ka rufe ƙofar nan."

Ta nuna Nurys da yatsa.

"Ke kuma, mara amana. Ba a kan kabarin ubanki na sa kika rantse mini ba za ki taɓa faɗa mata ba?"